Likita Ya Rubuta, Wa Zai Saya? Buƙatar Asusun Magani Domin Malamai 'Yan Fansho

A 'yan watannin nan wakilan wannan reshe sun yi ta zuwa dubiya gidajen tsofaffin malamanmu a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Kusan duk gidan da muka yi sallama, da an gama gaisawa an tambayi jiki, sai dattijo ya laluba aljihu ko ƙarƙashin matashin kai ya miƙo mana 'yar takarda. Takardar likita ce, ta sha ninki har ta soma yagewa. An je asibiti, an yi awo, an gano ciwo, an rubuta magani. A nan zancen ya tsaya, domin kuɗin sayen maganin ne babu.

Ɗaya daga cikinsu tsohon hedimasta ne da ya koya wa da yawa daga cikinmu baƙi da wasali. Mun sakaya sunansa domin kare mutuncinsa da na iyalinsa. Shekara 35 ya yi yana riƙe da alli. Bayan ya yi ritaya aka gano yana da hawan jini da ciwon suga, aka ɗora shi a kan magani iri uku da zai riƙa sha kullum. Da farko yana saye yadda aka ce. Da farashi ya tashi, sai ya koma raba ƙwaya biyu da reza domin ta kai shi ƙarshen wata. Daga baya ya koma sha yau, ya tsallake gobe. Da ya ji ciwon kai ya lafa, sai ya ajiye gaba ɗaya, ya sayi masara da kuɗin. Wata asuba ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin da 'ya'yansa suka kashe a kan jigila zuwa Katsina da gado da gashi a cikin wata biyu ya fi ƙarfin kuɗin ƙwayoyin da da zai sha na shekaru. Yau hannun da ya cika allo da rubutu ba ya iya ɗaga moɗa.

Matsayin wannan reshe a kan lamarin a fili yake. Katin da zai kai dattijo gaban likita, amma ya bar shi a ƙofar kemis ba ko sisi, rabin aiki ne. Muna kira da a ware asusu na musamman domin maganin cututtukan da ba sa rabuwa da mutum, a keɓe shi ga ma'aikatan da suka yi ritaya, a gina shi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, kuma mu da muke bakin aiki mu fara zuba masa tun yanzu.

Ba za mu ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. Tun 1999 aka yi dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka soma aiki da shi a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma ma'aikatan tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A nan gida, a 2018, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato KTSCHMA. Sa'an nan a watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. A cikin waɗanda dokar ta kira masu rauni akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da naƙasassu, da matalauta, da tsofaffi. Ke nan haƙƙin dattawanmu yana nan a rubuce. Duk da haka har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fita.

Matsala ta farko tana cikin yadda aka gina tsarin ma'aikata tun asali. An ɗaure shi ne da albashi. Muddin ana biyan mutum a ƙarshen wata, ana cire kasonsa, katinsa na aiki. Ranar da albashi ya tsaya, igiyar ta tsinke. Ma'aikaci ya yi ta zubi a shekarun da jikinsa ke da ƙwari, lokacin da zuwansa asibiti bai wuce na zazzaɓin damina ba, sai a sallame shi daidai lokacin da ciwo ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Dokar tarayya ta 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki ba ta warware wannan ba. Duk inda aka yi aiki da ita, abin da ta yi shi ne matsar da ranar sallama zuwa shekarun da jiki ya fi buƙatar magani. Muna goyon bayan duk wani yunƙuri na shigar da 'yan fansho cikin tsarin jiha, kuma wannan shi ne matakin farko da bai kamata ya tsallake tsohon malami ko ɗaya ba.

Sai dai ko an ba dattijo kati, matsala ta biyu tana jiransa, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. A irin wannan tsari, asibitin matakin farko ana biyansa ne a kan kai. Wato ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya an shafe shekaru da dama wannan kuɗi yana naira 750 kacal kafin a ƙara shi. Lissafin yana tafiya daidai idan yawancin masu rajista matasa ne da ba sa zuwa. Amma dattijo mai hawan jini da suga kowane wata sai ya zo, kuma maganinsa na wata ɗaya ya ninka abin da aka biya a kansa sau da yawa. Asibitin da ya tara irin waɗannan dattawa, kantin maganinsa zai ƙare kafin wata ya raba. Daga nan ne ake jin amsar da kowa ya haddace: babu, a je waje a saya. Ba lallai ne mugunta ta jawo ba. Lissafi ne bai kai ba.

Matsala ta uku ita ce farashi. Galibin magungunan da muke sha, da sinadaran da ake haɗa na gida da su, daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, kuma da dala ake saye. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sa'an nan a watan Agusta kamfanin GSK ya ba da sanarwar dakatar da harkarsa ta kai tsaye a ƙasar nan. Duk mai ɗan'uwa da ke fama da asma ya san abin da ya faru da kuɗin abin shaƙa a wancan lokaci. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin ɗage haraji a kan kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu, a watan Yuli kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. Mai albashi ya ɗan samu abin rage zafi. Ɗan fansho kuwa, musamman wanda ya bar aiki da daɗewa, da tsohon kuɗi yake shiga sabuwar kasuwa. Wanda ya rasa na kirki sai ya faɗa hannun masu tallar magani a tire cikin rana, ko ya sayi jabu, ya yi asarar kuɗi da lafiya tare.

Wannan giɓi ba mu kaɗai muka gamu da shi ba. A Amurka, a 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan shirin Medicare, inshorar gwamnati ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Shirin ya ɗauki kwanciya a asibiti da ganin likita, amma ya bar maganin da ake saya a sha a gida. Shekara 40 dattawan ƙasar suna raba ƙwaya kamar yadda hedimastanmu ya yi. Sai a 2003 aka yi dokar da ta ƙara sashe na huɗu, wanda suke kira sashe na D, inshora ce ta daban domin magani kawai, ta fara aiki a watan Janairu na 2006. Ta rage wa miliyoyin tsofaffi nauyi, amma ta zo da nata kurakurai. An miƙa ta ga kamfanoni masu zaman kansu, kowanne da jerin magungunansa da farashinsa, ya zama dattijo sai ya zauna ya zaɓi ɗaya cikin tsare-tsare masu yawa. Wanda ya makara bai shiga a kan lokaci ba ana ƙara masa tara a kan kuɗin wata. An bar rami a tsakiyar tsarin, inda idan kuɗin maganin mutum ya kai wani adadi a shekara sai tallafin ya tsaya ya koma biya da kansa. Dokar ma ta hana gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani a kan farashi. Sai a 2022 wata sabuwar doka ta ba ta wannan dama, ta ƙayyade kuɗin allurar insulin a dala 35 a wata, ta kuma sa iyakar dala 2,000 a kan abin da dattijo zai kashe daga aljihunsa a shekara, daga 2025. Abin ɗauka a nan shi ne ware wa magani kuɗinsa. Abin gudu kuwa shi ne barin dattijo a hannun 'yan kasuwa da tarin takardu.

Misalin Gana ya fi kusa da mu. Dokarsu ta 2003 ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shekara, haka ma 'yan fanshon da suka yi zubi a asusun ritaya na ƙasa lokacin da suke aiki. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 daga zubin ritayar ma'aikata a kai asusun lafiya, a haɗa da wani haraji na musamman a kan kayan masarufi. Ma'ana, ma'aikacin Gana tun yana da ƙarfi yake biyan lafiyar tsufansa. Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun ba mu darasi ta ɗaya gefen. A 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, an ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta. Niyya ce mai kyau, iyaye kuma sun yi tururuwa, amma da kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci suka riƙa makara, bashi ya taru, kantunan magani suka bushe. Mu ma a nan muna da namu tarihin. Manyanmu suna tuna magungunan PTF da suka cika asibitoci a ƙarshen shekarun 1990, da yadda abin ya dusashe bayan an rufe hukumar a 1999. Kalmar kyauta tana da daɗin ji a taro. Idan ba a faɗi inda kuɗi zai riƙa fitowa kowane wata ba, kuma ba a ɗaure shi da doka ba, ba ta wuce shekara biyu ko uku.

Bisa waɗannan darussa, ga abin da reshen nan yake nema.

Na farko, a buɗe asusun maganin 'yan fansho a ƙarƙashin hukumar taimakekeniya ta jiha, da ajiyarsa ta daban a banki, wadda ba za a taɓa don sayen mota ko gyaran ofis ko biyan wani bashi ba. Kati ɗaya ya wadatar. Kada a ce dattijo ya sake bin layin wata rajista.

Na biyu, asusun ya tsaya a kan duwatsu uku kamar murhu: ɗan kaso daga ma'aikatan da ke bakin aiki, da kason gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi wanda doka za ta wajabta fitar da shi tare da albashi, da ɗan abin da masu fansho mai kauri za su iya bayarwa. Wanda fanshonsa bai taka kara ya karya ba a ɗauke masa gaba ɗaya. A bar ƙofa a buɗe ga masu hali da ke son sa waƙafi ko sadaka mai gudana.

Na uku, a fara da gajeren jeri. Likitoci da masana magunguna su zauna su fitar da magungunan hawan jini, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da asma, da amosanin gaɓɓai, da hawan jinin ido, da matsalar fitsari ta dattawa maza. A saye su da sunansu na asali, masu rajistar NAFDAC, a sara da yawa lokaci ɗaya domin a samu rangwame. Asusun da ya yi alƙawarin komai ba zai cika ko ɗaya ba.

Na huɗu, magani ya je kusa da mai shansa. Kowa ya san halin da hanyoyin wannan yanki suka shiga saboda 'yan bindiga, da abin da kuɗin mota ya zama. Bai dace tsoho ya baro ƙauyensa a ƙasar Kurfi kowane wata ya nufi babban asibiti don karɓar ƙwayar da likita ya riga ya tabbatar masa ba. Wanda jikinsa ya daidaita a ba shi na wata uku a cibiyar lafiya ta mazaɓarsa, a auna jininsa a can. Firjin sola da ke adana allurar rigakafin yara zai iya nuna mana hanyar adana insulin.

Na biyar, idan magani ya yanke a asibiti, asusun ya biya wani amintaccen kantin magani kai tsaye, dattijo ya je ya karɓa. Kada a ce ya saya da kuɗinsa a mayar masa daga baya, domin wanda yake da na saye ai da bai zo ba.

Na shida, a ba ƙungiyar malamai da ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyar 'yan fansho kujeru a kwamitin da zai kula da asusun, kuma duk bayan wata uku a liƙa bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita inda kowa zai gani.

Mun san abin da wasu abokan aikinmu za su ce, domin mun ji shi a ɗakunan malamai. Albashin da bai kai ashirin ga wata ba, shi za a sake yanka? An sha cire mana kuɗi da sunan abubuwa daban-daban, wasu har suka yi ritaya ba su ga amfaninsu ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa muka ɗaura amincewarmu da sharaɗi: ba a fara cire ko naira ɗaya ba sai an yi doka, an buɗe ajiya ta daban, gwamnati ta fara zuba nata, an kuma rantsar da wakilanmu. Amma mu yi wa kanmu adalci mu duba lissafi. A ce, don misali kawai, malamai 1,000 kowa ya ba da naira 500 a wata. An tara naira 500,000 a wata, miliyan 6 a shekara, tun kafin gwamnati ta sa nata. Sa'an nan wane ne a cikinmu ba ya biyan wannan kuɗi a yanzu? Muna biya ta hanyar karo-karon gaggawa idan wani ya faɗi, muna biya wa iyayenmu da surukanmu a kemis da tsadar ɗai-ɗai. Bambancin shi ne yanzu muna biya bayan ɓarna ta auku.

Wasu kuma suna da shakku ta fuskar addini a kan duk abin da aka kira inshora. Muna girmama wannan shakku, kuma muna ba da shawarar a gayyaci malaman addini su duba tsarin tun daga tushe. Abin da muke nema ba ciniki ne da kamfani mai neman riba ba. Gudummawa ce da jama'a za su haɗa domin ɗaukar nauyin mai rauni a cikinsu, irin gayya da adashi da muka gada.

Akwai kuma masu cewa me ya sa sai an ware, ba a bar komai cikin tukunya ɗaya ba? Amsarmu ita ce, a tukunya ɗaya abin gaggawa ne yake fara ci. Haɗari da tiyata da haihuwa ba sa jira, kuma daidai ne a fara da su. Ƙwayar hawan jini ba ta ihu, don haka ita ake yankewa idan kuɗi ya yi ƙasa. Ga shi kuwa ita ce mafi sauƙin lissafi, domin an san adadin masu sha, an san abin da kowa zai sha daga Janairu zuwa Disamba. Abin da aka san adadinsa shi ya fi sauƙin tanadi, shi ya fi sauƙin bincike.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai aikin da yake namu. Muna roƙon wakilin ƙungiya na kowace makaranta a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi ya kai ziyara ga tsofaffin malaman da ke yankinsa, ya rubuta, da izininsu, maganin da kowa yake sha da abin da yake kashewa a wata, ba tare da an bayyana sunan kowa a waje ba. Da wannan ƙididdiga za mu tunkari uwar ƙungiya ta jiha, da 'yan majalisar dokokin jiha na mazaɓunmu, da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi. Koke da baki yana bin iska, amma takarda mai alƙaluma tana zama a kan tebur. Muna kuma roƙon duk mai tsoho a gida ya lura da shan maganinsa. Hawan jini ba ya warkewa don ciwon kai ya tafi. Kada a rage, kada a tsallake, kada a daina sai da shawarar likita, kuma idan kuɗi ya gaza a faɗa wa likitan, domin sau da yawa akwai wani iri mai sauƙin farashi da zai yi aiki ɗaya.

Da yawa daga cikinmu da muka fito daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da sauran kwalejoji shekara ashirin da suka wuce, yau furfura ta fara leƙowa. Shekarun da suka rage mana a aji ba su kai waɗanda muka yi ba. Layin tantance 'yan fansho da muke wucewa a kan babur mu ɗaga hannu, gurbinmu yana ciki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Za a gabatar da wannan batu a taron reshe mai zuwa, kuma muna so kowa ya zo da ra'ayinsa, mai goyon baya da mai suka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu gama aiki lafiya, mu tsufa da mutunci.